Saƙonnin da Inna Ta Ce In Goge

Assalamu alaikum Anti Sa'adiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi da wuri, domin kwana goma sha ɗaya suka rage a koma kotu, ni kuwa har yau ban san inda zan sa kaina ba. Na daɗe ina karanta filin nan naki, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zauna in rubuto ba. Na canza sunayen mutane, duk da na san wanda ya tashi a lungunmu ba zai sha wahalar gane mu ba. Ki yi haƙuri idan na ja zance, ni malamar firamare ce, mun saba da maimaita magana.

Ni 'yar unguwar Mandawari ce a birnin Kano, shekaruna arba'in da bakwai. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, unguwa kuma ta sani da 'Yardada mai kitso, ta rasu bara cikin azumi. Dole in fara ba ki labarinta, in ba haka ba ba za ki gane nauyin abin da ke hannuna ba.

Tun da na buɗe ido na ga Inna a kan 'yar kujerarta a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanmu, kibiya a hannu, ƙwaryar man shanu a gefe. Da hantsi mata ke fara shigowa. Mace za ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyin Inna, ta ba ta baya, Inna ta fara tsaga. Ba a yin layi biyu sai ki ji muryar matar ta yi ƙasa. Inna takan ce mutum ya fi iya faɗin abin da ke cin sa idan ba a kallon idonsa, shi ya sa ake faɗa mata abin da ba a faɗa wa malami ko likita. Da zance ya fara nauyi sai ta aike mu sayen man shanu, alhali ƙwarya cike take. Mu ma mun san ba mai ake so ba, sai mu tafi mu yi ta wasan gaɗa a bakin lungu har a kira mu.

Tana da ƙa'ida guda da duk matan unguwa suka sani. Idan ta kama kitson ƙarshe sai ta ce wa matar ta ƙarasa maganarta, za ta tufke. Da ta tufke jelar nan, zance ya ƙare. Ba za ta sake tayar da shi ba, ko a gaban mai maganar, sai in matar ce ta dawo da shi da kanta. Shekara arba'in tana haka, ba a taɓa cewa an ji wata magana daga bakin 'Yardada ba. Ni da nake 'yarta, har na yi aure ban san komai na kowa ba.

Wallahi Anti ina kewar zamanin nan. Ina kewar jajiberin sallah, gidanmu cike da mata har zaure, wannan tana tsifa, waccan tana jiran layi da goyo, ƙamshin turaren wuta ya haɗu da na man shanu, Inna tana yi wa masu motsi tsawa wai su zauna kamar mutane. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka yi bikina, ita ta yi mini kitson amarci da hannunta, ta ƙi barin kowa ya taɓa kaina. A ranar ni ma na zauna na ba ta baya na faɗa mata tsoron da nake ji, ta tufke, ba ta taɓa tuna mini ba. Bayan 'yan shekaru wayar hannu ta shigo gari, kowa ya ruɗe da ita. Inna ta ce akwatin gulma ce, ba za ta riƙe ba.

Sai tsufa ya zo. Ciwon gaɓɓai ya kama yatsunta har kibiya ta gagare ta riƙewa. Mata ba su daina zuwa ba, amma sai a zauna fuska da fuska, a gaisa, a yi shiru, a tashi. Da yawa kuma aure ya kai su sababbin unguwanni bayan gari, zuwa ya yi wuya. A lokacin ne mijina ya rasu na dawo gida, na saya mata waya duk da tana ƙi. Da aka yi kullen annoba, wata ta turo mata saƙon murya, ta saurara ta mayar da amsa. Kafin wata biyu wayar nan ta koma rumfar kitso. Ashe abin da matan suke so ke nan, su yi magana ba a kallon su.

Inna ba ta karatun boko, idonta kuma ya yi rauni. Ni nake buɗe mata saƙon in kara mata a kunne in fita tsakar gida. Na koya mata danna wurin ɗaukar murya, tana amsawa da kanta. Abin da ba ta iya ba shi ne gogewa. Idan ta gama sai ta kira ni ta miƙo wayar ta ce an tufke, in goge. Da nata da na matar, duka. Kusan shekara guda ina gogewa a gabanta, tana tambaya ko ya fita, ina cewa ya fita.

Ga inda laifina ya fara. Ranar da likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar Inna ta kumbura, mu yi ta lallaɓawa kawai, mun dawo gida da la'asar ta amsa wa wata saƙo ta miƙo mini ta ce in goge. Na ɗora yatsa, na kasa dannawa. Abin da ya zo mini shi ne, wata rana zan nemi muryar nan in rasa. Na ce mata na goge. Ban goge ba. Daga ranar har ta koma ga Allah, shekara biyu da 'yan watanni, kullum sai na yi wa mahaifiyata wannan ƙaryar, wani lokaci sau biyar a yini. Ta yarda da ni ne don ba ta gani. Ina rubuta wannan ina jin kunyar kaina.

Yanzu akwai saƙonni sun fi dubu a cikin wayar. Na rantse miki ban taɓa sauraron na matan ba, amsoshin Inna kaɗai nake kunnawa. Ba nasihar nake bi ba, ita nake bi. Gyaran muryar da take yi kafin ta fara, ƙarar carbinta, carar zakaran maƙwabta a bayanta. Akwai wanda tana tsaka da magana ta ƙwala mini kira da sunana wai in sauke tukunya kada ta ƙone, sannan ta ci gaba. Wannan na kunna shi ya fi sau ɗari. Amma ba zan yaudare ki ba, amsa tana tona tambaya. Yau na san wadda ke ɓoye ciwo ga 'ya'yanta, na san wadda ɗanta ya faɗa shaye-shaye ana cewa yana karatu a wani gari, na san wadda mijinta ya rasa aiki shekara guda yana saka kaya yana fita kullum da safe. Ina haɗuwa da su a biki da suna, sai in rasa inda zan kai idona.

Da abin ya tsaya nan da na ci gaba da fama da shi ni kaɗai. Sai ga maganar Mero.

Gida uku tsakaninmu da gidan Hajiya Luba, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Gidan nata ne, ta gada a wajen mahaifinta. Mero kuwa wata baiwar Allah ce da ta zo daga ƙauye bayan mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, ta zauna da Hajiya shekara talatin da biyar. Da ɓarin jikin Hajiya ya shanye, Mero ce ta yi ta ɗawainiya da ita shekara shida, wanka da juyi da ba da abinci a baki. Wata rana, washegarin Takutaha, bikin nan na Kano da ake yi mako guda bayan Mauludi, Hajiya Luba ta turo wa Inna saƙo. Na kara mata na fita kamar kullum, sai ta kira ni ta ce in dawo in zauna, in kunna shi a fili. Muka ji Hajiya, da harshenta da ya yi nauyi, tana cewa ta ba Mero ɗakin da ke kusa da rijiya da ɗan madafinsa da ƙofar da ke fita lungu, kyauta don Allah, Mero tana ciki kuma makulli na hannunta, Inna ta zama shaida kamar yadda iyayensu suke yi da baki. Sau uku Inna ta sa na maimaita. Sannan ta amsa ta ce ta ji, ta shaida. Ta miƙo mini wayar ta shiga tambayar ko an jiƙa gero. Ranar ko gogewar ba ta ambata ba, na ɗauka gajiya ce ta sa ta manta, don a lokacin jikin ya fara matsa mata.

Hajiya Luba ta rasu, bayan wata huɗu Inna ta bi ta. Babban ɗan Hajiya, Abdulbaƙi, yana aiki a Kaduna, shi da ƙannensa suka yanke shawarar sayar da gidan, mai saye kuma rushewa zai yi ya gina shaguna. Ba zan ce mugu ba ne, tare muka yi makarantar allo. Ya ce bai taɓa jin maganar kyautar nan daga bakin mahaifiyarsa ba, ya kuma ce zai mayar da Mero ƙauyensu da mutunci. Anti, matar nan ta haura saba'in, ƙauyen da ta bari shekara talatin da biyar wa za ta tarar a can? Magana dai ta kai kotu, wata lauya mai taimaka wa marasa ƙarfi, Barista Muhsina, ta tsaya mata.

Mero ta zo gidanmu ta zauna a inda masu kitso suke zama, tana kuka tana cewa mai ba da kyautar da mai shaidar duk suna ƙasa. Ban san lokacin da na shiga ɗaki na ɗauko wayar ba. Da ta ji muryar Hajiya sai ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta yi ta kiran sunanta. Na tura wa lauyar saƙon, na ce shi ke nan, an gama.

Ashe farawa aka yi. Lauyan su Abdulbaƙi ya ce saƙon da aka tura daga waya zuwa waya ba hujja ba ce, yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum har 'ya'yansa su kasa bambancewa. Ya nemi kotu ta sa a kawo ainihin wayar Inna a miƙa wa masanin kwamfuta ya kwashe duk abin da ke cikinta, har wanda aka goge wai suna iya dawo da shi, a bincika a ga ko saƙon na gaske ne. Alƙali ya ɗaga zama zuwa ranar da zai yanke hukunci a kan wannan buƙata. Barista Muhsina ta ce kada in taɓa komai a wayar, kada in goge ko harafi. Ita a zatonta waya ce ta tsohuwa mai ɗauke da gaisuwar jikoki. Na kasa gaya mata.

Yayana Salihu marini ne a Ƙofar Mata, mutum ne mai yanke magana. Ya ce in ba shi wayar ya jefa ta cikin ramin rini, a ce ta ɓata, kowa ya huta. Shi ma bai san yawan abin da ke ciki ba, bai san na yi wa Inna ƙarya ba. Zancen kuma ya fara zagaya unguwa. Cikin makon nan mata biyu sun zo wai gaisuwa, suna ta kewaye-kewaye a kan ko wayar Inna tana nan. Ɗayar, wadda aka sa ranar 'yarta bayan sallah, ta riƙe hannuna a zaure, ta tambaye ni ai Inna tana sa a goge ko. Na ce mata tana sawa. Ta yi ajiyar zuciya ta sa mini albarka ta tafi. Na koma ciki, ban gaya mata sauran ba.

To Anti ga ni. In na miƙa wayar, asirin matan da suka yarda da Inna zai koma cikin kwamfutar wani baƙo, lauyoyi su saurara, wa ya san inda zai tsaya, sunan da ta yi shekara arba'in tana tsarewa ya lalace ta dalilina. In na ba Salihu, za a fitar da Mero daga ɗakin da na ji da kunnena an ba ta. Kuma can ƙasan zuciyata akwai wani abu da nake jin kunyar faɗa: ko babu kotu, ba na son rabuwa da muryar nan. Tsoro nake ji, kuma kewar uwata nake yi. Don girman Allah ki gaya mini abin da zan yi.

'Yar mai kitso, Mandawari, Kano.

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Inna da Hajiya Luba, Ya sa sun huta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma karanta wa wata lauya da na amince da ita ba tare da na nuna mata daga inda ta fito ba, domin ni ba lauya ba ce. Abin da zan faɗa miki a kan shari'a jagora ne kawai, Barista Muhsina ce za ta tabbatar miki da shi.

Mu fara da Salihu. Ki gode masa, ki kuma ajiye wayar inda hannunsa ba zai kai ba. Abin da kotu ta san da shi, aka ce kada a taɓa, in ya ɓata da gangan laifi ne da zai iya hawa kanki. Zai kuma sa a ɗauka saƙon ƙarya ne tun farko, Mero ta rasa ɗakin, ke ki zama wadda ta ƙirƙiro muryar matacciya. Sannan ba lalle ramin rini ya binne komai ba, don wayoyin yanzu da yawa suna ajiye kwafin saƙonni a intanet ba tare da mai wayar ya lura ba. Kada ki goge komai, kada ki kai ta wajen masu gyara, kada ki ƙara tura wa kowa wani abu daga cikinta. Ki kuma daina kunna ta daga yau. Na san wannan ne zai fi yi miki zafi.

Abdulbaƙi bai yi laifi ba da ya nemi a bincika. Kwaikwayon murya da na'ura gaskiya ne, ana yi, kuma duk wanda aka ce mahaifiyarsa ta ba da wani sashe na gida bai sani ba yana da haƙƙin ya tabbatar. Amma haƙƙinsa a kan saƙo ɗaya yake, tsakanin mahaifiyarsa da taki. Ba shi da haƙƙi a kan ciwon wance ko ɗan wance. Matan nan ba sa cikin shari'ar, ba a tambaye su ba, ba su yarda ba. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, kuma abin da lauyar ta jaddada mini shi ne, ƙa'idar ita ce a ɗauki iya abin da ake buƙata, ba a kwashe komai don ana neman abu ɗaya ba.

Saboda haka gobe da safe, kafin ki tafi makaranta, ki je wajen Barista Muhsina ki gaya mata gaskiya duka, har ƙaryar da kika yi wa Inna. Ba za ta iya kare abin da ba ta san da shi ba, kuma kwana goma sha ɗaya ba su da yawa. Ki nemi ta roƙi kotu a taƙaita binciken a kan hirar Hajiya Luba da Inna kaɗai. Masanin ya zama wanda kotu ta zaɓa ko wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ba na ɓangare ɗaya ba. A yi aikin a harabar kotu kina wurin, ya sa hannu a rubuce cewa ba zai buɗe ko ya fitar da wani abu daban ba. In ya ce aikinsa ba zai yiwu ba sai ya kwafi wayar gaba ɗaya, to a rufe kwafin a hannun kotu, a lalata shi da an gama. Ki kuma tuna mata abu biyu: wayar Hajiya Luba tana iya kasancewa a hannun 'ya'yanta, saƙon daga can ya fito, a duba can ma. Ke kanki kuma kin ji shi a ranar da ya iso, kina zaune kusa da Inna, sai ta duba ko shaidarki za ta ƙara ƙarfi. Ba zan yi miki alƙawarin alƙali zai amince da duk wannan ba, hukunci nasa ne. Amma alƙalai mutane ne masu iyaye mata, kuma buƙata ce mai ma'ana. In ya ba da umarnin da ya fi haka faɗi, ki bi, lauyarki ta nemi duk kariyar da doka ta bari.

Matar da ta riƙe hannunki a zaure tana da haƙƙi a kanki. Ki je gidanta da kanki, ku keɓe, ki gaya mata ba a goge ba, laifinki ne ba na Inna ba, ga kuma matakin da kike ɗauka. Za ta ji haushi, wataƙila ta daɗe ba ta yi miki magana ba. Gara ta ji daga bakinki da ta ji a bakin wani. Ba sai kin bi gida-gida kina shela ba, amma duk wadda ta tambaye ki daga yau, kada ki ƙara mata ƙarya.

Game da abin da kika yi wa Inna, ba zan ce miki ba komai ba ne, don kin san da komai. Amana ce aka ba ki kika riƙe ta yadda ba a ce ba. Amma na ga abin da ya sa, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da gadon uwa yana ƙirga numfashinta ba zai yi saurin jifan ki ba. Ki nemi gafarar Allah, ki yi mata addu'a da sadaka, ki bar dukan kanki haka, domin akwai aiki a gabanki.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki, wurin da kika ba ni labarin washegarin Takutaha. Kin wuce wani abu da gudu. Matar da ta saba korar ki tsakar gida, ranar ta ce ki dawo ki zauna. Matar da ke sa a kara mata waya a kunne, ranar ta ce a kunna a fili, har sau uku. Kuma matar da ta yi shekara arba'in ba ta taɓa barin kitso ba tufkewa ba, kika ce ranar ta manta ta ce ki goge. Ni ban yarda mantuwa ba ce. Inna ta san bambancin abin da aka ba ta ta binne da abin da aka ba ta ta isar. Ta san jikinta, ta san ba lalle ta kai ranar da za a nemi shaidarta ba, shi ya sa ta zaunar da ke. Saƙo ɗaya ta bar miki da saninta, kuma shi ne wanda kotu take nema. Idan kika kai shi ba ki saɓa mata ba, aikenta kika cika.

Sauran dubun kuwa ta riga ta gaya miki abin da za ki yi da su, sau dubu. Idan shari'a ta ƙare, lauya ta tabbatar miki babu sauran ɗaukaka ƙara, ki nemi wanda ya san aikin ya taimake ki a goge su gogewa ta gaskiya, har da kwafin da ke intanet in akwai. Kafin nan, ina ganin babu laifi a yanko miki 'yan daƙiƙun nan da ta kira sunanki ta ce ki sauke tukunya, domin wannan naki ne, ba na kowa ba. Shi kaɗai. Abin da ya rage na matan unguwa ne, kuma sun daɗe suna zaton an tufke.

Ki zauna a ƙarƙashin rumfar nan ranar da za ki yi, a kan kujerarta in tana nan. Za ki yi kuka, ki yi. Idan na ƙarshe ya fita, ki faɗa a fili cewa kin goge, yadda kika saba gaya mata, wannan karon da gaskiya.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya zaunar da Mero a ɗakinta lafiya, Ya rufa asirin matan Mandawari kamar yadda Inna ta rufa, Ya kuma haɗa ki da ita a inda ba a buƙatar waya kafin a ji muryar juna.

Taki, Anti Sa'adiyya.